Kafin a Juye Tifar Takin Birni a Gona

Tambaya: Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Karkarna, a ƙaramar hukumar Yankwashi. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, na dabbobi kuma ba ya kai mu ko'ina. Akwai wani direban tifa da yake kai kaya Kano ya dawo wayam, to yanzu ya fara zuwa mana da wata baƙar ƙasa. Ya ce lakar yasar magudanan ruwa ce haɗe da busasshen abin da masu kwashe masai suka zubar, kuɗin mai kawai yake karɓa da ɗan na goro. Maƙwabcina ya zuba bara, masararsa ta yi kore shar. Ina da gonar gero da dawa, ina kuma da lambu a fadama inda nake latas da albasa da alayyafo. Wasu suna cewa akwai guba a ciki. In karɓa ko in haƙura?

Amsa: Wannan tifar dai kada ka karɓa. Ko a gonar tudu kada ta sauka, balle a lambun da ake cin ganyensa ɗanye. Amma kada ka ɗauka ina nufin duk abin da ya fito daga masai abin gudu ne. Akwai wanda za ka iya gyarawa ya zama taki mai kyau, akwai kuma wanda ko shekara nawa ka ajiye shi ba zai gyaru ba, abin da ya raba su kuwa shi ne inda aka kwaso su.

Abin da maƙwabcinka ya gani gaskiya ne. Bayan gida da lakar kwata suna ɗauke da irin abincin shukar da kake saya a buhun kamfa da yuriya, ga kuma ruɓaɓɓen abu da ke sa ƙasa ta riƙe danshi. Ƙasar wannan yanki namu, daga Yankwashi har Babura, yawancinta rairayi ce mai yunwa, duk abin da ya ruɓe aka ba ta sai ta karɓa hannu bibbiyu. Kuma ɗauko takin birni zuwa gona ba yau aka fara ba. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suke shiga birni da jakuna ɗauke da itace, su fito da mangaloli cike da taki. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi rubutu a kan haka tun shekarun 1960, ya nuna yadda wannan taki ya taimaka gonakin kewayen birnin suke ba da amfani kowace shekara ba tare da an huta da su ba. Sai dai jujin wancan zamani toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida da tsohuwar jinka. Na yau kuwa, ka ɗebi kwano ɗaya ka tankaɗe a rariya ka gani: leda, fasasshen gilashi, allurar asibiti, batirin tocila da ya fashe yana zubar da baƙin gari, wani lokaci har da ƙananan yanka-yankan fata masu launin shuɗi-shuɗi. Waɗannan su ne ido yake gani. Waɗanda suka fi damuna sun riga sun narke cikin baƙar ƙasar da ta wuce ta rariyar.

Cutar da ke cikin irin wannan laka iri biyu ce. Ta farko mai rai ce: ƙwayoyin kwalara da taifot da na shawara, da ƙwan tsutsar ciki. Ba abin wasa ba ce, don a 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. To amma duk mai rai mamaci ne. Rana da zafi da bushewa da tsawon lokaci suna gamawa da su. Wanda ya fi taurin kai a cikinsu shi ne ƙwan tsutsar ciki, yana da ɓawo mai kauri, yakan yi shekaru a ƙasa mai danshi da inuwa yana jiran bakin yaro, amma shi ma akwai hanyar kashe shi, zan zo kanta.

Ta biyun ba ta da rai, don haka ba ta mutuwa. Ƙarafa ne masu guba da suke narkewa su shige cikin laka: dalma, da zaiba, da wasu biyu da ake kira kadmiyam da kuromiyam. Rana ba ta cin su, ajiya ba ta rage su, wuta ma ba ta kashe su. In ka ƙona tulin, ledar da sharar su tafi a hayaƙi, yawancin ƙarfen ya taru a toka ya ƙara kauri. In suka sauka a gona sai su zauna a saman ƙasa, daidai inda garma take juyawa, inda saiwa take cin abinci. Kamar gishiri ne a miya, zubawa ba wuya, tsamewa babu. Kowace tifa ƙari take a kan ta bara, gonar kuma 'ya'yanka ne za su gada.

Direbanka ya ce daga magudanan ruwa aka yaso ta. Wace magudana? Kano ba ta da babbar hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke tattara ƙazantar gari gaba ɗaya ta kai wurin tacewa. Ruwan wanka da wanki, da baƙin man da bakanike ya zubar, da ruwan batirin da mai caji ya tuttular, da rinin marina, da sauran fenti, da man bilicin mai zaiba da aka wanke daga jiki, duk lambatu ɗaya suke bi. Jakara ta ratsa tsakiyar birni tana kwasar wannan duka, Getsi ta ɗauko dagwalon masana'antun Bompai ta haɗe da ita, su gangara madatsar ruwa ta Wasai. A kudu kuma kamfanonin Sharaɗa da Challawa, waɗanda da yawansu na jimar fata ne, dagwalonsu yana ƙarewa a kogin Challawa. Jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yin ta, shi ne yake mayar da fata shuɗiya kafin a rina ta, ba kamar majemanmu na gargajiya masu aiki da bagaruwa ba. Masana daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna ƙasa da ganyayen lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara da Getsi, sun kuma sha samun dalma da kadmiyam da kuromiyam a ciki. Ruwan ke nan. Laka kuwa ita ce matattarar abin da ruwan ya ɗauko, domin ƙarfe yana manne wa ƙasa ne ya kwanta a ƙasan kwata. Abin da ake yasowa kafin damina a tara a gefen titi, shi ne tacaccen dattin shekara guda. Direban da ya loda shi da shebur ba shi da hanyar sanin ko bakin wata masana'anta ne ko bayan asibiti, ko da kuwa mutumin kirki ne mai son taimakonku.

Dalma ce ta fi tsaya mini a rai, saboda yara take nema. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa, kafin likitoci su iya yi wa yaran magani ya tsaya. Dalmar da ke cikin lakar kwata ba ta kai ko kusa da ta can yawa ba, ba za ka ga yaro ya faɗi yana jijjiga ba. Tata ɓarnar a ɓoye take. Jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, tana rage masa jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ya taso da nauyin fahimta a makaranta, ba wanda zai ce daga gona abin ya samo asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kuma ba sai an ci amfanin gonar ba. Ƙurar da iskar hunturu take tayarwa daga tulin, da ƙasar da ke hannun yaron da ya bi ka gona ya ci ƙosai bai wanke ba, da wadda ta maƙale a ganyen latas, duk hanyoyi ne.

Kadmiyam shi kuma ta saiwa yake hawa. Shuka tana jan sa cikin sauƙi, musamman masu ganye irin latas da alayyafo, sai kuma shinkafa. Ƙasa mai rairayi mai ɗan tsami irin tamu ba ta riƙe shi da ƙarfi, sai ta sakar wa shuka. A jikin mutum ƙoda yake zama, ya yi shekaru goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. A yankin Toyama na Japan, ruwan kogin Jinzu da wata mahaƙar ma'adinai ta gurɓata shi ne manoma suka yi ta shayar da shinkafa, mata da yawa ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi har yana karyewa da ɗan motsi. Gwamnatin ƙasar ta amince a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi, gyaran gonakin kuma ya ɗauki shekaru da dama ana kwashe ƙasa ana sauya ta.

Ko ƙasashen da suke da manyan injinan tace ƙazanta, lakar da ta rage bayan tacewa ciwon kai ce a wurinsu. Amurka ta kafa doka a 1993 da ta ƙayyade iyakar wasu ƙarafa a cikin lakar da za a kai gona. Duk da haka, a jihar Maine an gano wasu sinadarai da ba sa ruɓewa, waɗanda ake kira PFAS, a rijiyoyi da madarar shanun gonakin da aka daɗe ana zuba wa laka, wasu manoma suka rasa sana'arsu, jihar ta haramta zuba ta a gona a 2022. Suwizalan ta riga ta hana tun 2006, ƙona ta take yi a injina na musamman. Su ke nan masu aunawa kafin su zuba. Taku tifar babu wanda ya auna.

Wanda za ka iya amfani da shi yana kusa da kai: masan gidanku da na maƙwabta, inda ka san abin da ke shiga ramin. Bayan gidan mutum zalla ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne, don abin da aka ci ne yake fita. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawar da yin bahaya a fili, a duk ƙananan hukumominta 27. Abin alfahari ne, amma ramin da aka haƙa dole wata rana ya cika. In masu kwasa suka ɗebe suka juye a kududdufi ko a bakin fadama, an dawo gidan jiya, sai dai maimakon kowa ya kai nasa, an kai na unguwa gaba ɗaya a dare ɗaya. Gara a gyara shi ya koma gona. A Tamale da ke arewacin Gana manoma sun daɗe suna tarar motocin kwashe masai a lokacin rani, su sa a juye musu a gona, ya bushe watanni kafin shukar masara da dawa. Dabararsu ta bin rani daidai ce, sai dai ni ban yarda da shimfiɗa shi ɗanye a fili ba, inda ƙuda da kaji da yara za su kai gare shi.

Ga yadda nake so ka yi. Da kaka ta wuce, ka haƙa rami marar zurfi a gefen gonar tudu, nesa da gidaje, nesa da hanyar ruwa, kuma aƙalla mita 30 daga kowace rijiya ko burtsatse, kamar taku arba'in na babban mutum. Fadama kam ko kusa, don ruwanta a sama yake. Ka shimfiɗa kara da ƙaiƙayi a ƙasa, a zuba abin da aka kwaso, a bi shi da toka, a rufe da ƙasa, a kewaye da ƙaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2006 ta ce a wuri mai zafi irin namu a ajiye shi fiye da shekara guda. Ni shekara biyu nake ce wa mutane, domin namu yakan fito da ruwa-ruwa, ba kowa ne kuma yake lissafin watanni daidai ba. In kana son ya fi sauri kuma ya fi kyau, bayan ya bushe ka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu ko uku na ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da busasshen ganye da kashin dabbobi, ka yayyafa ruwa, ka tula shi ya kai ƙugu. Zai ɗau zafi da kansa. Abin da ake nema shi ne zafin ya wuce maki 50 ya tsaya haka aƙalla mako guda. In ba ka da ma'auni, ka soka rodi a tsakiyar tulin da safe, ka zare bayan ɗan lokaci ka kama. In ba ka iya riƙe shi a tafin hannu ba, aiki yana tafiya. Ka riƙa juyawa, na gefe ya koma tsakiya, don na bakin tulin ba ya dahuwa. Wanda ya nuna yana da duhu, yana wargajewa a hannu, ƙamshinsa irin na ƙasa bayan ruwan farko, ba ka iya gane abin da yake a da.

Ko wannan ɗin ma gonar gero da dawa da masara zai tafi, a zuba kafin shuka a juye shi cikin ƙasa. Latas da karas da albasa da kabeji da duk abin da ake ci ba a dafa ba, ka bar su da takin dabbobi da ya ruɓe. Wanda kuma ba ya son taɓa shi gaba ɗaya, ko don ƙyama ko don abin da malaminsa ya gaya masa game da najasa, yana da mafita: a binne shi a dogon rami a rufe da ƙasa mai kauri, a dasa darbejiya ko turare a kai. An yi haka a yankin Durban na Afirka ta Kudu, mu kuma da hamada take matso mu ba mu ƙi ƙarin itace ba.

Sai dai masan ƙauye ma ana lalata shi da hannu. Na sha ganin gidan da ake tuttula baƙin mai ko kalanzir ko fiya-fiya a rami don kashe wari da kyankyasai, ana jefa matattun batura da ragowar magunguna da robobin maganin feshi. 'Yar tocilar nan ta caji da ke kowane gida, da yawansu batirin dalma ne a ciki. Ramin da aka yi wa haka, abin da ya fito daga cikinsa na binnewa ne a ƙarƙashin itace. Ka gaya wa iyali toka ta isa, kofi ɗaya bayan an gama, a kuma rufe bakin ramin. Haka nan kada ka karɓi kwasar asibiti ko ta tasha ko ta garejin bakanike ko ta kasuwa, ko da daga nan Kazaure ne. In ka zuba kaɗan a bokitin ruwa ka ga maiƙo mai launuka yana yawo a sama, ko ka ji warin fetur, magana ta ƙare. Rashin ganin maiƙon kuwa ba shaida ba ce, domin dalma ba ta da wari.

Ina roƙonka kuma ka kula da bayin Allah masu kwasa, waɗanda a Kano ake ce wa gidan kowa da akwai. Ramin masai yana tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya. In ta yi yawa sai ta kashe hanci mutum ya daina jin warin, ya sume nan take, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. A buɗe ramin ya sha iska tukuna, kada a zura fitila mai wuta ko ashana don akwai iska mai kamawa, kada kowa ya shiga sai da igiya a ƙugu da mutane a sama. Takalmin roba da safar hannu da sabulu, mai gida ya kamata ya tanada.

Maƙwabcinka da ya riga ya zuba, kada ka tayar masa da hankali. Zubi ɗaya ba lallai ya kashe gona ba, maimaitawa ce take kashewa. Ya tsaya haka nan. A wurin da ya zuba kada ya yi ganye ko rogo ko dankali ko gyaɗa, ya tsaya a kan masara da dawa, don ƙwayarsu ba ta ɗaukar ƙarfe kamar ganye. Karan wurin kada ya zama shi ne abincin dabbobinsa kullum, saboda kadmiyam yana taruwa a hanta da ƙodar dabba. Ya ƙara takin dabbobi da tokar itace, suna rage tsamin ƙasa su ɗaure ƙarfen kada shuka ta ja da yawa. Ya tsince batura da leda ya binne su nesa, kada ya ƙona. Yara kuma su daina wasa a inda aka juye tulin.

Sannan ku haɗa kuɗi a auna ƙasar, shi ne kaɗai zai faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Ku ɗebi ƙasa daga wurare kamar goma a cikin gonar, daga sama zuwa zurfin taƙi ɗaya, ku cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, ku shanya a inuwa, ku ƙulla kamar rabin kilo a sabuwar leda. Ku ɗebi wata daga gonar da ba a taɓa zuba wa ba don a gwada su. Malamin gona na hukumar aikin gona ta jiha, JARDA, zai iya haɗa ku da ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Bayero ko na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru. Ku faɗa musu a fili cewa dalma da kadmiyam da kuromiyam kuke so a duba, in ba haka ba gwajin ƙarfin taki kawai za a yi muku.

Maganar kuma ta wuce gonar mutum ɗaya, tunda iska da ruwan sama ba su san iyakar gona ba. Ku kai ta gaban mai unguwa da dagaci, a kira duba-gari na ƙaramar hukuma, a sanar da hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA, cewa ana shigo da lakar birni. Ku nemi a ware fili ɗaya a kan tudu inda masu kwashe masai za su riƙa juyewa a binne, a sa wanda zai riƙa rubuta watan da aka rufe kowane rami. Shi kuma direban, tunda dai wayam yake dawowa, ku yi ciniki da shi ya riƙa biyawa ta gidajen kaji da turakun masu kiwo da karar shanu ta Dambatta ya lodo muku kashin dabbobi. Zai fi wancan tsada, amma in mutum biyar suka haɗa tifa ɗaya, kowa zai samu na lambunsa.